Shekarar da Tsakar Gida Ta Zama Aji



Babu wanda zai manta da daren Lahadi, 15 ga Maris 2020, a cikinmu. A daren ne Shugaba Akufo-Addo ya fito a talabijin ya ce daga gobe Litinin an rufe makarantu saboda cutar korona. Kada mu ɓoye muku, murna muka yi. Mun ɗauka hutun sati biyu ne, babu hadda, babu bulala. Sai ga shi ranar 30 ga wata an kulle Ankara har sati uku. Titin Nima da ba ya barci ya yi tsit, masallatai a rufe, azumi ya zo babu tarawihi a jam'i. Ba mu koma aji ba sai Janairun 2021.

Gwamnati ta sa darussa a talabijin, amma a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, wa zai bar maka talabijin? Waya kuma ta Mma ce, da ita take ciniki. Da malaminmu na tarihi ya ga haka, sai ya turo saƙon murya ta WhatsApp, waɗanda suka ji suka kai wa waɗanda ba su ji ba. Ya ce kowa ya nemi littafin rubutu guda, ya zauna gaban wanda ya fi kowa tsufa a gidansu, ya yi masa tambaya uku: Daga ina muka zo? Me ya kawo mu? Wa ya faɗa maka?

Mun raina aikin. A wurinmu tarihi shi ne sira, da Badar da Uhudu, da halifofi huɗu, da daular Umayyawa da Abbasiyawa. Muna iya jero sarakunan Bagadaza, amma ka tambaye mu sunan kakan kakanmu, sai mu kama sosa kai. Ina tarihi a Maamobi, in ban da babban kwata da hayaniyar kasuwa?

Tsofaffi suka ba mu kunya. Wani tsoho a gidan ɗaya daga cikinmu ya fara da kalmar zango kanta. Ya ce zango shi ne inda ayarin fatake ke sauke kaya su huta. Kakanninsa sun taso daga Kano da jakuna, wata da watanni a hanya, suna kai kanwa da tufafi Salga a ƙasar Gwanja, su sayo goro. Da yaƙin basasa ya ci Salga a 1892, 'yan kasuwa suka watse, wasu Kete Karaci, wasu Kumasi, wasu har bakin teku. Cikin waɗanda suka koma Karaci akwai Alhaji Umaru, babban malami haifaffen Kano, wanda ya yi rubuce-rubuce da Larabci da ajami, ya rasu a 1934. Sai tsohon ya yi shiru, ya ce: "Ku rubuta har da wannan, ba goro kaɗai ake sayarwa a Salga ba, har da mutane." Ranar muka gane ba kowane tarihi ne ake tafa masa ba.

Daga wasu gidajen muka ji yadda Malam Bako ya kafa Sabon Zango, da yadda Malam Amadu Futa ya samu fili daga dangin Odoi Kwao na Osu a farkon shekarun 1930, wurin da ya zama Nima. A kan sunan ma sai da aka yi gardama. Wani kaka ya rantse daga ni'ima aka samo shi, maƙwabciyarsa 'yar ƙabilar Ga ta ce a'a, yarensu ne, garin sarki yake nufi. Muka kai ƙara wurin Malam, wa ke da gaskiya? Ya ce a rubuta duka biyun, kowanne da sunan wanda ya faɗa. Sai a lokacin muka gane amfanin tambaya ta uku. Ashe isnadi ne, irin wanda muke karantawa a darasin hadisi: wane ya ji daga wane. Wanda ya gani da idonsa daban, wanda aka ba labari daban.

Amma labarin da ya fi tsaya mana a rai na wata kaka ne a Maamobi. Jikarta ta ce kwana uku tana bin ta, tana cewa, "Ke bar ni, abin da ya wuce ya wuce." A dare na huɗu, an ɗauke wuta, suna zaune a tabarma, sai ta fara da kanta. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama sati biyu ya bar ƙasa. Ita a nan aka haife ta, ba ta san wani gari ba. Ta ga mutane suna sayar da gado da keken ɗinki a kuɗin banza, ta ga manyan motoci cike da mata da yara. Yayarta ta bi mijinta zuwa Nijar, suka rabu a tasha, ba su sake ganin juna ba har abada. Ta ce a 1983 kuma Nijeriya ta koro 'yan Gana, ta ga irin motocin sun dawo da irin hawayen. "Duniya rawar 'yan mata ce," in ji ta, "na gaba ya koma baya."

Kakar nan ta rasu bayan Babbar Sallah a shekarar. Allah Ya jiƙanta. Abin da ya rage na labarinta shafi bakwai ne a littafin jikarta. Ko 'ya'yan da ta haifa ba su san sunan tashar da aka rabu ba sai da aka karanta musu.

Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda har gobe akwai ɗan zango da zai je neman katin ɗan ƙasa a dube shi a ce, "Kai daga ina?" Da can in an yi mana tambayar, ko mu yi fushi ko mu sunkuyar da kai. Yanzu muna da amsa, da shekara, da sunan wanda ya faɗa mana. Mun kuma san a gida ɗaya Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani da Kotokoli da Dagwamba kowa da hanyar da ya biyo, kuma ƙasar Ga ce ta karɓe mu duka.

Ƙannenmu na ƙananan azuzuwa, kada ku jira wata annoba ta zaunar da ku. Littafin rubutu ba shi da tsada. Ku yi sallama, ku durƙusa, ku yi haƙuri in an kore ku ranar farko. Iyayenmu kuma, don Allah in yaro ya tambaya, kada a ce masa ya cika surutu.