Neman Ubangida Kafin Ranar Su

Duk wanda ya san Suleja ya san ba garin masunta ba ne. Kakanninmu Zazzagawa ne da suka baro Zariya a zamanin jihadi, suka kafa garin Abuja a shekarar 1828, suka yi suna wajen yaƙi da tsare gari. Daga baya kuma ƙasar ta yi suna wajen ginin tukwane, har ga hoton Ladi Kwali nan a bayan takardar naira 20. Ruwa dai muna da shi gwargwado, domin kogin Iku ya bi ta gefen gari, Gurara kuma ba ta da nisa, amma ba mu taɓa jin an yi wa wani ɗan unguwarmu kirari da su ba. Saboda haka a lokacin da mu uku muka ƙudurta cewa sai mun shiga gasar kamun kifi ta Argungu, ba mu ga laifin waɗanda suka yi mana dariya ba.

Mun tashi tare, tun muna yara muke haƙar tana a bayan gida, mu ɗaure ƙugiya a jikin zare, mu gangara Iku da fatsarmu bayan an taso daga makarantar allo. Abin da muke kamawa bai wuce 'yan tarwaɗa da karfasa ba, irin waɗanda iyayenmu mata kan karɓa su jefa a miya don kada su kashe mana gwiwa. Da muka girma muka shiga manyan makarantu sai abin ya ƙi barinmu. Wajen ƙarshen shekarar 2019 aka fara maganar cewa za a dawo da bikin Argungu, wanda aka yi kimanin shekara 10 ba a yi ba. Nan fa zukatanmu suka tashi. Muka zauna muka yi lissafin kuɗin mota da guzuri da kayan su, muka ga ko an haɗa aljihunanmu uku an girgiza, ba za su kai mu Kontagora ba.

Babbanmu, wanda ya fi mu leƙe-leƙe a intanet, shi ya zo da shawarar mu nemi kamfanin da zai ɗauki nauyinmu. Ya nuna mana yadda ake yi a Amurka, inda wani mutum mai suna Ray Scott ya shirya gasarsa ta farko ta kamun kifi da ƙugiya a 1967, har aka kai ga babbar gasar Bassmaster Classic da aka fara a 1971. A can, mai kamun kifi yakan fito cikin riga wadda ba masaka tsinke saboda tamburan kamfanoni: wannan na masu ƙera jirgin ruwa, wancan na masu injin, wani kuma na masu zare da ƙugiya. Su ke ba shi kaya, wani lokaci har da kuɗi, shi kuwa ya zama allon tallarsu. Muka ce ashe abin da sauƙi. Muka tsara takarda da Turanci, muka kai shagon buga takardu aka buga mana kwafi 20, muka manna hotonmu riƙe da wata tarwaɗa wadda, mu faɗi gaskiya, sayenta muka yi a kasuwa.

Daga nan muka shiga sintiri tsakanin Suleja da Abuja. Kullum muka wuce dutsen Zuma a cikin motar haya, sai ɗayanmu ya tuna mana cewa sunan da birnin ke tinƙaho da shi namu ne, kyauta aka bayar bayan da aka tsai da shawarar gina sabon birnin tarayya a 1976, garinmu ya koma amsa sunan Sarki Sulaimanu Barau. Wato a ganinsa bashi za mu karɓo. Masu gadin ofisoshi dai ba su san wannan tarihi ba. Mafi yawan takardunmu a hannunsu suka tsaya, kowa ya ce mu dawo mako mai zuwa, mu kuwa mu koma, domin an ce mai nema yana tare da samu.

Mutum ɗaya ne ya ba mu kujera. Jami'in talla ne a wani kamfanin kayan sha, Bahaushe mai fara'a, ya karanta takardarmu tun daga sama har ƙasa, sannan ya cire tabarau ya ce, “Samari, na ga abin da kuke so in ba ku. Ban ga abin da za ku ba ni ba.” Muka yi tsuru-tsuru. Ya ce shi kamfani ba ya kyauta, saye yake yi, abin da yake saya kuwa idon jama'a ne. Ba'amurken da muke kwatance da shi yana tsaye shi kaɗai a jirginsa, kyamara na kansa kwana da kwanaki, kuma dubban masu kallonsa gobe za su shiga kanti su sayi irin ƙugiyarsa. A Argungu kuwa mutum zai faɗa ruwa cikin dubban mutane, ba riga, taɓo ya rufe shi har ka, ko mahaifiyarsa ba za ta gane shi ba. “To, a ina zan rubuta sunan kamfanina? A jikin gora?” Ya ƙara da cewa shi ya sa kamfanonin waya da bankuna da masu kayan sha suke zuba kuɗinsu a kan bikin kansa, su kafa tutoci, su ba da kyautar wanda ya ci, ba ruwansu da wanda bai ci ba tukuna. Ya sallame mu da lemo kwalba uku. A ranar mun ji haushinsa ƙwarai. Yau kuwa muna ganin duk cikin waɗanda muka je wa shi kaɗai ya ɗauke mu mutane.

Da muka ga kamfani ya gagara sai muka koma hanyar da muka gada, wato neman ubangida. Wani ɗan siyasa ya ce zai biya mana kuɗin mota idan za mu sa riga mai hotonsa mu riƙa ambaton sunansa a bakin ruwa. Ba mu ƙi don tsarkin zuciya ba, mun ƙi ne don mahaifin autanmu yana ɗaya ɓangaren, kuma da ya ji labari da ba mu kwana lafiya ba. Wani attajiri kuma ya sa muka yi zaman jira a zaurensa tun hantsi har azahar, tare da masu neman taimakon magani da masu neman kuɗin haya. Da aka zo kanmu bai ma buɗe takardar ba, ya zaro 'yan kuɗi ya miƙa wa yaronsa ya ba mu, ya ce Allah ya ba da sa'a. Mun karɓa, mun yi godiya, amma har muka iso gida ba wanda ya dubi idon ɗan'uwansa. A nan muka gane cewa a ƙasarmu tazarar da ke tsakanin neman mai ɗaukar nauyi da roƙo ba ta kai kaurin zaren fatsa ba. Maroƙi ma ya fi mu hujja, domin shi yana da abin sayarwa, wato bakinsa.

Mahaifiyar ɗayanmu ce ta warware mana, ita da ba ta taɓa ganin takardar ba. Ta ce, “Ku da kuke neman kifi, me ya kai ku wurin masu lemo? Ku je wurin mai kifi mana.” Ta tura mu wurin wani dattijo Bakabe da take sayen banda a hannunsa a kasuwa, wanda ya daɗe a Suleja har Hausarsa ta soma barin ta Kabi. Muka same shi yana juya kifi a kan waya cikin hayaƙi. Muka durƙusa muka gaishe shi, babbanmu ya miƙa takarda, ya dube ta a juye ya mayar. Ya ce mu faɗa da baki. Da muka gama sai ya tambaye mu da me muke su. Muka ce da fatsa. Ya yi dariya har ya yi tari, ya ce, “'Ya'yana, wa ya gaya muku ana shiga Matan Fada da ƙugiya? Kun taɓa riƙe homa?” Ba mu taɓa ba. Watanni muna yawon neman wanda zai kai mu gasar da ba mu san ko kayan aikinta ba.

Shi ya zaunar da mu ya ba mu labarin abin. Bikin a yadda aka san shi yanzu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka yi su domin karrama shi, aka kuma rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwatawa. Ana hana su a wannan yanki na ruwa duk shekara don kifi ya taru ya girma, Sarkin Ruwa ne ke tsare da shi, sai ranar gasa a buɗe. Kayan aiki biyu ne kawai: homa, wato koma mai baki da aka ɗaure a jikin tanƙwararren itace, ana riƙe ɗaya a kowane hannu a haɗa su kamar tafi, da kuma babbar gora, wadda masunci ke kifa ciki a kanta ya yi iyo, ya kuma zuba abin da ya kama a ciki. Mu muka ƙara masa da cewa hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ya ce ita ta jiyo, shi tun yana goye ya sani.

Sa'an nan ya gindaya sharuɗɗansa, ba tare da kunya ba, kuma wannan rashin kunyar shi ya kwantar mana da hankali. Zai ara mana homa da gora, zai haɗa mu da ƙanensa a Argungu mu sami masauki, zai kuma biya rabin kuɗin mota. Mu kuma duk Asabar da Lahadi za mu yi masa faskaren itace da jigilar kifi. Abin da muka kamo kashi ɗaya cikin uku nasa ne. Abin da muka ɓatar ko muka karya kuwa bashi ne a kanmu. Ya ce haka dillalan kifi ke yi da masunta a Yawuri da sauran bakin tafkin Kainji, a ba ka taru da jirgi, ka biya da kifi. Ashe abin da muka je nema a Abuja da Turanci yana nan a kasuwarmu tun kafin a haife mu, sunansa ne kawai daban.

Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ya riƙa kai mu wani gurbi a Gurara cikin sanyin hunturu. Wanda bai taɓa hawa gora ba ba zai san wulaƙancinta ba: ka kifa ciki, ta mirgine, ka sha ruwa, yaran ƙauye na bakin gaɓa suna shewa. Mun fi wata ɗaya kafin mu iya haɗa homa biyu a ƙarƙashin ruwa ba tare da sun harɗe ba. Da muka tambaye shi maganin ruwa, irin wanda ake cewa Kabawa na da shi, sai ya ce wannan na gado ne, mu shigege mu riƙe addu'ar iyayenmu. Sauran rabin kuɗin motar kuwa, autanmu ne ya ciro daga kuɗin rajistarsa ta makaranta ba da sanin gida ba, bisa alkawarin za mu mayar kafin a rufe karɓa. Wannan kuɗi shi ya hana mu barci fiye da tsoron kada.

A watan Maris na 2020 muka kama hanya: Minna, Zungeru, Tegina, Kontagora, Yawuri, Koko, Jega, Birnin Kebbi, sai Argungu, muka isa jiki duk ya mutu. Mun ga fadar Kanta, mun kalli tseren kwale-kwale da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu. Ranar babban su muka jeru a bayan dubban mutane, kowa da gorarsa a kafaɗa, har aka ba da alama. Abin da ya biyo baya ba mu iya tsara shi daki-daki. Ƙasa ta girgiza, ƙura ta tashi, muka tsinci kanmu a cikin ruwan da ya koma kunu, gora na karo da gora, makaɗa na kiɗa a cikin jirage, wani ya taka ka ya wuce ba sannu. Cikin ɗan lokaci muka rabu da juna. Can babbanmu ya ji wani abu mai nauyi ya doki homarsa, ya rungume, abin ya yi fisga ɗaya ya tafi da homar baki ɗaya. Har yau yana rantsuwa giwan ruwa ne, mu kuwa muna zaton ƙafar wani ce.

Wani masunci daga Augie ne ya ci gasar da kifi mai nauyin kilo 78, aka ba shi naira miliyan 10 da motoci 2 da kujerun Makka 2. Mun ga lokacin da ƙarti suka ciccibo kifin zuwa ma'auni, muka dubi cikin gorarmu: 'yan karfasa da kurungu, da wani ɗan giwan ruwa guda da bai wuce tsawon damtse ba. Ƙanen Baba ya saye su, ya ware kashin yayansa a gabanmu, abin da ya rage bai kai kuɗin komawa ba sai da ya cika mana.

Mun dawo da bashi biyu, na homa da na rajista. Kwana kaɗan bayan haka cutar korona ta sa aka kulle Abuja a ƙarshen Maris, aka rufe makarantu, ga kuma yajin aikin malaman jami'o'i da ya kai har Disamba. Abin da ya zame wa duniya masifa shi ya rufa wa autanmu asiri, domin kafin a koma karatu mun haɗa masa kuɗinsa daga ladan aikin banda, mahaifinsa bai ji labarin ba sai da muka faɗa masa da bakinmu bayan shekara biyu. Kuɗin homa kuwa Baba bai yafe ko kwabo ba. Yakan yanka daga ladanmu duk mako, ya sa mu rubuta a bayan ɗaya daga cikin takardunmu da suka rage, tunda ya ce ban da wannan bai ga amfaninsu ba. Ranar da muka cike, ya karɓi takardar ya duba, ya naɗe wa mahaifiyar ɗan'uwanmu tarwaɗa biyu a ciki, ya ce mu kai mata. Muna juyawa ya kira mu, ya ce gorar nan da muka dawo da ita ta tsage a wuya, mu zo ranar Asabar ya nuna mana yadda ake ɗinke ta.