Daga kamu zuwa kora: kalmar farauta a bakin jikokin Latin



Mu da muka yi boko da Faransanci, a Maraɗi ko Damagaram, mun san chasser kalma ce mai fuska biyu. Da ita mafarauci yake bin barewa, da ita kuma maigida yake fatattakar yara daga zaure. Wancan so yake ya kama, wannan so yake a ba shi wuri. Ta yaya kalma ɗaya ta ɗauki kamu da kora? Amsar tana can Roma.

Malaman Romawa masu alƙalami venari suke cewa idan suna nufin farauta. A Latin ɗin kuma akwai capere, wato kama, wadda ta haifi captare, ma'ana a yi ta ƙoƙarin kamawa. A bakin talakawa sai ta koma captiare. Wannan siffa masana ne suka gano ta ta hanyar kwatanta 'ya'yanta, shi ya sa suke ɗora mata tauraro a littattafai, alamar ba a rubuce aka tsince ta ba. Ga 'ya'yan nan da ransu: chasser a Faransa, cacciare a Italiya, cazar a Sifen, caçar a Fotugal.

Abin da ya fi burge mu shi ne, ba su raɗa wa farauta sunan kamu ba, sunan ƙoƙarin kamu suka ba ta. Duk wanda ya taɓa bin zomo da kare ya san sun yi gaskiya: gudun ya fi naman yawa. Kuma wanda kake bi, ai korarsa kake yi, ko ka cim masa ko ya tsere. Nan ma'ana ta biyu ta shigo, a Faransanci da Italiyanci duka.

Ita kuwa venari ta manyan malamai, Romaniya ce ta riƙe ta sosai, suna cewa a vâna. Sauran wurare ɓurɓushi ya rage: venado, barewa a Sifaniyanci, da vénerie, farautar sarakunan Faransa da dawaki da karnuka.

Turawan Ingila sau biyu suka ari kalmar talakawan bayan Normandawa sun ci ƙasarsu a 1066. Daga lafazin arewacin Faransa suka sami catch, daga na wajen Faris suka sami chase, sai kamu ya zauna a ɗaya, kora a ɗayar.