Ƙyalle Ba Abin Yarwa Ba Ne

In na taso daga aiki, ba abin da ke faranta mini rai kamar haɗa ƙyallaye. Ran kasuwar Ƙanƙara na kan bi teloli in sayi ragowar yadi. Sa'an nan in ware su, sababbi dabam, tsofaffi dabam, gama in an gwama su tsohon ya kan yage ya bar sabon. In kulle su cikin adaka saboda gara da ɓera.

Da kaka, in audugar Faskari ta nuna, sai in sa a gurje ta, in shimfiɗa tsakanin zane biyu na ƙyallayen, in bi da allura layi layi, yadda magabata su ke ɗinka lifidin dawaki.

Ɗan'uwa, bargo tsada gare shi. Tara ƙyallenka tun da damina, 'ya'yanka su kwana da ɗumi cikin hunturu.