Daga Miga Zuwa Guangzhou: Ina Jirgin Yake?

Jama'a, Kano na cikin garuruwan da suka fara karɓar jirgin sama a Najeriya, a 1925. Shekaru da dama jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka a nan suke sauka su sha mai. Da aka ƙera masu dogon zango sai suka riƙa wuce mu ta sama. KLM ma, da ta daɗe tana haɗa Kano da Amsterdam, ta tattara ta tafi a 2012.

Yau ɗan Miga mai zuwa sarin kaya Guangzhou, ko mai kai mara lafiya Indiya, zai bi ta Jahun ya isa Kano, sannan ya sauya jirgi a Addis Ababa, Alkahira ko Doha. Wanda ya taɓa zaman jira da tsohuwa mai ciwon ƙoda ya san wahalar.

Mu dai muna ganin jirgin kai tsaye zuwa Turai da sauran rina a kaba. Kamfani kujera yake ƙirgawa, zuwa da dawowa, shekara cur, mu kuwa cikarmu ta Hajji da Umara ce. Filin Dutse da aka buɗe a 2014 shaida ne, sai lokacin maniyyata yake cika.

Inda muke da fata shi ne China, don 'yan Kantin Kwari ba su da damina ba su da rani. Amma me jirgin zai ɗauka a cikinsa in zai tafi? Riɗinmu da zoɓorodo sun yi masa nauyi, ta ruwa suke bi daga Legas.