Bayan Saƙa Ake Dubawa

A Damagaram ba ma buƙatar kalanda kafin mu san hunturu ya kama. Daga ƙarshen watan Nuwamba iskar arewa maso gabas take fara kaɗawa, ta kwaso ƙurar hamada, har da ta kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta zo ta juye mana. Hazo ya lulluɓe duwatsun Birni, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ruwan randa ya zama abin tsoro ga mai alwalar asuba. Wanda ya zauna ƙasashen ƙanƙara zai iya yi mana dariya idan ya ji muna kukan ɗari. To amma gidajenmu da tufafinmu duk don zafi aka yi su, shi ya sa sanyin watanni ukun nan yake samun mu a buɗe, ya fi kuma cin jarirai da tsofaffi.

Sai dai hunturu yana zuwa da wata kyauta, wato lokaci. An yanke gero, an cika rumbu, hannun da ya sha fartanya ya samu sarari. Tun kaka da kakanni, wannan ne lokacin aikin zaune. Maza su jingina da bango suna shan hantsi suna ɗinkin hula. Mata su jiƙa kaba su yi tabarma da faifai, tsofaffi kuma su ɗauko audugar da aka tsinka su kama kaɗi. Saƙar ulu ita ce autar waɗannan sana'o'i, kuma sunayen kayanta ma sun isa shaida cewa baƙuwa ce: ulu, kwarashi, suwaita, duk daga bakin Turawa muka karɓe su. A gidanmu gwaggona ce ta shigo da ita. Ta koyo ta a gidan koyon sana'a na mata, wanda muke kira fuwaye, kafin a yi mata aure, daga hannunta kuma ta yaɗu zuwa gidaje huɗu ko biyar na layinmu.

Yadda ta yaɗu ɗin shi ne abin da na fi son in faɗa. Ba a taɓa buɗe aji ba, ba a taɓa biyan ko dala ba. Yawancin matan layin ba sa fita da rana, saboda haka mu yara mu ne hanyar. Za a kira ki a ce, "Maza je ki gidan wance, ki ce ina gaida ta, ta ba ni aron hular nan da ta gama in ga yadda ta yi bakin." Ki dawo da hula a ƙunshe cikin ɗankwali, a duba, a ƙirga, a gwada, gobe ki mayar tare da ɗan goro ko ƙullin kuka. Idan kuma wata ta gama babban aiki, kamar shawul ko cikakken kayan jariri, ba ta naɗe shi ta ɓoye a akwati. Sai ya zaga gidajen nan kaf, kowa ta sa albarka, kowa ta faɗi abin da ta gani, kafin ya isa ga mai shi.

Duk aikin da ya zaga, a hannun Gwaggo yake samun hukuncinsa na ƙarshe. Ita ba ta ɓata lokaci a kan gaban riga, inda launi yake ɗaukar ido. Tana karɓa za ta juya ta ciki waje, ta kai ta wajen haske. A nan take ganin inda aka haɗa zare da zare, ko an yi ƙulli ko an saƙa bakin a ciki ya ɓace. A nan take gane ranar da mai saƙa ta yi aiki cikin fushi, domin idanun saƙar sukan matse, da ranar da gyangyaɗi ya kama ta, domin sukan saki. Sannan ta tura dunƙulen hannunta ta wuyan rigar. In bai wuce da sauƙi ba ta ce a warware, saboda kan jariri babba ne a kan jikinsa, wuyan da ya matse kuwa kullum sai an sa yaro kuka kafin a sa masa riga. Ƙulli kuma, komai ƙanƙantarsa, yana gurzar fatar da ba ta yi kwana arba'in a duniya ba. Takan ce mini, "Ɗiyata, gaba na masu kallo ne, baya shi ne na mai sawa." Ba na jin akwai wata magana da na riƙe a kan aiki, kowane iri ne, kamar wannan.

Da tsinken tsintsiya muka fara, kamar yawancin yaran zamaninmu. A zaɓo tsinke biyu masu kauri, a goge su da dutse su yi santsi, a ba ki guntun zaren da ya ragu. Wadda hannunta ya faɗa sai a yi mata ƙarin girma da wayar ƙafar keke, wadda mai gyaran keke yake fiƙewa. Babu takarda, babu zane. Awo da taƙi ake yi da yatsu, lissafin idanu kuma a ka yake zama. Salo-salon ma sunayen gida muka ba su: akwai wanda muke ce wa ƙafar kaza, akwai kitso, akwai idon zakara. Koyon kansa zama ne kusa da mai yi, kafaɗa da kafaɗa, kina kallon yatsunta daga inda ita take kallonsu. In kika zauna gabanta kina fuskantarta, komai zai zo miki a juye. Gani ya kori ji, amma a saƙa har wurin da aka tsaya aka gani yana da muhimmanci.

Ina da shekara goma sha ɗaya aka karya darajar sefa, a watan Janairun 1994, kuɗinmu ya koma rabin abin da yake a da. A tsakiyar sanyi abin ya zo, kuma duk kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabi, har da ulu. Na zaci saƙa ta tsaya ke nan a layinmu. Sai ga wata maƙwabciyarmu ta aiki ɗanta kasuwar Dole ya sayo mata tsofaffin rigunan sanyi na gwanjo, manya-manya, irin waɗanda asu ya ɓula ba mai so. Ta farke ɗinkin gefe, ta nemo bakin zare, ta ba mu muna ja muna naɗewa a ƙafafun kujera. Zaren yana fitowa a lanƙwashe kamar gashin da aka tsefe daga kitso. Sai a jiƙa shi a ruwan ɗumi, a rataya a igiya, a ɗaura masa ɗan dutse a ƙasa, kafin ya bushe ya miƙe. Rigar ƙato ɗaya tana ba da kayan jariri har da ragi.

Ba ta riƙe wannan dabara ita kaɗai ba. Kafin sati ya zagayo kowane gida yana warwara. Da yake launi ɗaya ba ya isa riga, sai aka shiga musaya: ki ba ni ja in ba ki shuɗi. A shekarar nan yaran layinmu duka da riguna masu ratsi-ratsi suka je lakwal. In kin iya kallo, daga jikin yaro za ki karanta zumuncin uwarsa. Ga koren gidan liman a hannun rigar ɗan mahauci, ga ruwan ɗorawar gidanmu a wuyan ɗiyar mai gyaran keke. Har wasu biyu da suka yi wata shida ba sa ga-maciji, a bakin zare suka shirya, domin ɗaya ta rasa baƙin da za ta ƙarasa hula, ɗayar kuma ita kaɗai ke da shi.

Ba kowa ce take da wannan hali ba. Akwai wata dattijuwa a bayan layinmu da ta iya wani salon shawul mai kama da ganyen zogale, wanda babu mai irinsa. Duk mai haihuwar fari tana burin a rufa wa ɗanta shi ranar suna. Amma in kika shiga gidanta tana saƙa, sai ta tura aikin ƙarƙashin zane ta kama hira. Ba ta ba da aro, ba ta saƙa a gaban kowa, har jikokinta. Da Allah ya yi mata rasuwa, bayan an share makoki, Gwaggo da mata biyu suka aro shawul ɗaya daga gidan da aka taɓa kai shi barka. Kwana da kwanaki suna ƙirga idanu da tsinke, suna gwadawa suna warwarewa. Sun samo ganyen, amma yadda take juya kusurwa ba tare da aikin ya tattare ba, wannan ya bi ta kabari. Har yau in na ga kusurwar shawul ta ɗan tattare nakan tuna da ita, in yi mata addu'a, in kuma ji ciwon abin da minti goma na nuni zai iya tsarewa.

Kakata kuwa ba ta da rowa ko kaɗan, amma nata ilmin ma ya tafi. Gwanar kaɗi ce. Ta gurje auduga ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da baka, ta shafa alli a yatsu ta murza mazari, zare yana fitowa kamar daga cikin hannunta yake tsirowa. Abawa take yi mai kauri, a kai wa masaƙa su yi gwado. Ta so ta koyar, sai dai a lokacin zaren kanti ya cika kasuwa, bargon masana'anta ya fi gwado araha, babu wadda ta ga dalilin zama kusa da ita. Mazarinta yana nan a cikin kwallata, babu mai iya juya shi a duk danginmu. Daga waɗannan tsofaffi biyu na gane cewa sana'ar hannu hanya biyu take bi ta mutu: ko mai ita ta rufe hannu, ko a rasa mai zama gefenta.

Yau duka biyun suna barazana ga saƙa. Cikakken kayan jariri, riga da wando da hula da safa, yana cin min kusan mako guda na zaman dare. In na faɗi kuɗinsa, mai saye sai ta tuna mini nawa ake sayar da na gwanjo a bakin hanya, kuma ba ƙarya ta yi ba. Yarinyar da ta ga haka, me zai sa ta zauna koyo? Waɗanda suka daure suka mayar da ita hanyar abinci kuma, suna tallan aikinsu da hoto a waya, wasu har suna kai kaya bikin baje kolin sana'o'in mata na SAFEM a Yamai, da yawansu sun fara ɓoye salo don kada a kwaikwaya. Ba na ganin laifinsu kai tsaye, domin wadda take ciyar da ƴaƴa da kwarashi tana da hujjar tsoron kishiya a kasuwa. Abin da nake gaya musu shi ne, salo ba ya ɓoyuwa, duk mai ido za ta ƙirga shi daga hoto. Abin da mai saye take dawowa dominsa shi ne tsabtar hannu, ita kuwa ba a sace ta, ba ta kuma raguwa don an koyar.

Ni ma ina kallon bidiyon saƙa a waya, na kuma ƙaru da salo da yawa daga matan ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Ƙanwata da ke aure a Maraɗi takan turo mini hoton abin da ta gama, in yaba, ita ma ta yaba nawa. Amma hoto gaban riga kawai yake nunawa. Bidiyo ba zai karɓi aikinki ya juya shi ba, ba zai tura hannu ta wuya ya ce ki warware ba, ba zai kuma gaya miki cewa yawancin ulun kasuwarmu na roba ne, yana narkewa ya manne a fata in wuta ta taɓa shi, don haka kada a zaunar da yaro mai suwaita dab da kaskon gawayi. Irin wannan sani daga baki zuwa kunne yake tafiya, a kan tabarma ɗaya. Da aka rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, zaren da ƴan kasuwa suke kawo mana daga Kano ya yi wuya ya yi tsada. Ƴan matan da suka koyi saƙa a waya suka tsaya cak. Mu da muka ga 1994 muka aika a sayo gwanjo, muka juya kujera, muka nuna musu.

Tun daga shekarar nake buɗe ƙofata ranar Asabar da hantsi, daga shigowar sanyi har fitarsa. Wadda take da zare ta zo da shi, wadda ba ta da shi ta zo da hannunta. Sharaɗi ɗaya ne: duk abin da kika gama za ki miƙa shi a juya a duba, duk abin da kika iya kuma za ki nuna wa ta gefenki. Bana mun yi shawara kowace ta saƙa hula biyu daga ragowar zare, mu kai makarantar allon da ke bakin layi kafin ɗarin Janairu ya tsananta, domin almajiran nan da asuba suke fita, kunnuwansu a waje. Ƙaramar cikinmu shekararta tara, da tsinken tsintsiya take yi, hularta ta farko ta fito da baki ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Mun juya mun duba, babu ƙulli ko ɗaya a ciki. Mun ce ta kai a haka.

Ƴar'uwa, in kina da wata sana'a a hannunki, ko saƙa ce, ko faifai, ko ɗinki, kada ki bari hunturun nan ya fita ba ki matsa kin ba wata yarinya wuri a tabarmarki ba. Allah ya sa albarka a hannuwanmu, ya jiƙan waɗanda suka koya mana.