Karatun Masta a Watan Masassara

Litinin, 15 ga Satumba 2025

Makarantar tana Wagadugu, ni ina Kwaya, ban taɓa taka ƙofarta ba. Yau aka koma karatu, shekara ta biyu ta masta a fannin koyar da aikin jinya. Darasin ƙarfe takwas na dare ne a agogonsu, tara ke nan a namu. Wanda ya tsara jadawalin bai san Satumbar ƙasar Magarya ba. Tun asuba mata suka cika rumfar likita, kowace da yaro mai zafin jiki a goye, ba mu rufe rajista ba sai bayan magariba. Na jona salula a batirin sola, na fita bakin katanga inda rezo ya fi tsayawa. Rabin maganar malamin iska ta ci.

Talata, 16

An turo mana ƴan istaj biyu daga wata lakwal ɗin kiwon lafiya mai zaman kanta a Damagaram, mace da namiji, suna shekarar ƙarshe. Majo, shugaban likitarmu, ya dube ni ya ce, "To Malam mai masta, ga ɗalibanka." Zolaya yake, amma ya sauke mini aikin da gaske.

Da hantsi aka kawo yarinya mai kilo 8 tana fizge-fizge, gwajin masassara ya fito da layi biyu. Na tambayi ɗalibar awon artesunat. Ba ta yi inda-inda ba: miligiram 3 a kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya kai. Na miƙa mata kwalbar miligiram 60 na ce ta haɗa. Nan hannu ya soma rawa. Ba ta san ana fara narkar da garin da ruwan bikarbonat har ya washe kafin a ƙara ruwan gishiri ba, ba ta kuma iya mayar da miligiram 24 zuwa abin da za ta ja a sirinji ba. Na haɗa da kaina, muka yi allurar, muka tura yarinyar babbar likitar Magarya.

Ba laifinta na gani ba. An tambaye ta a takarda ta amsa a takarda, aka ba ta maki.

Laraba, 17

Na sauke darasin Litinin da tsakar dare na saurara daga farko. A kan dalar George Miller ne, wadda ya fitar a 1990 don auna masu koyon aikin lafiya. Hawa huɗu gare ta: ɗalibi ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna a gabanka, sannan ya yi a bakin aiki ba tare da kowa a kansa ba. Jarabawar rubutu ba ta wuce hawa biyun ƙasa. Abin da na gani jiya ke nan, sai dai shekaru ina ganinsa ina cewa "yaran yanzu ba su da himma", kamar yadda manyanmu suka ce da mu.

A nan nake ganin amfanin karatun nan, a nan kuma nake ganin iyakarsa. Shi ma mastan nawa, ta intanet, hawa biyun ƙasa yake iya aunawa. Malamina zai karanta tsarin darasin da na rubuta ya yaba, amma bai taɓa ganina ina koyar da kowa ba. Ɗan ajinmu da ke zaune a ofis a babban birni zai fita da diflom iri ɗaya da nawa ko bai taɓa tsayawa bayan ɗalibi yana neman jijiyar yaron da jini ya ƙare wa ba. Idan akwai abin da zai cika hawa biyun sama, to rumfar nan tamu ce.

Juma'a, 19

Ruwa da iska, rezo ya ɗauke tun jiya. Aikin gida bai tafi ba.

Asabar, 20

Na hau kabu-kabu zuwa Magarya, na tura aikin, na biya kashi na biyu na kuɗin makaranta. Daga nan na wuce gidan Yaya, wanda ya ranta mini kuɗin rajistar bara.

"Kai, wannan takardar in ta fito, albashin zai motsa ko kuwa?"

"Yaya, sai an bi hanya."

Hanyar kuwa doguwa ce. Ma'aikacin gwamnati ba ya kawo diflom daga waje kawai a ɗaga masa matsayi. Sai hukuma ta san da karatun tun farko, sai an kai takardar Yamai an tantance daidaitonta da na gida, kuma abin da aka fi tambaya shi ne ko CAMES ta amince da kwas ɗin, wato hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, wadda aka kafa a 1968, hedkwatarta ma a Wagadugun take. Duk mai shirin zuba kuɗinsa a mastan intanet, wannan ya fara bincika kafin ya dubi kyawun tallar.

Yaya ya ce to ina ake zuwa da takardar. Na ce koyarwa a ENSP, makarantar kiwon lafiya ta gwamnati a Damagaram, ita ce burin kowa a cikinmu, amma kujerun kaɗan ne. Makarantu masu zaman kansu sun fi buɗe ƙofa, sai dai da yawa biyan awa suke yi. Akwai aikin horar da ma'aikata a ofishin lafiya na gunduma, akwai kuma ƙungiyoyi. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana Magarya tun 2005, kuma duk wanda ya ga Satumbar 2018, lokacin da yara wajen 10 ke rasuwa kowace rana a sashen yara, ya san irin hannayen da ake ɗauka da gaggawa in damina ta yi nisa, da irin buƙatar wanda zai horar da su cikin ƴan kwanaki.

"Waje fa?" in ji shi. Yana da aboki a Kano da ƴarsa ke jinya a Ingila.

Na ce masa rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na bana ya nuna masu jinya miliyan 29.8 ne a duniya a 2023, ana kuma neman ƙarin miliyan 5.8. Amma hukumar ta sa Nijar da Najeriya cikin ƙasashe 55 da ta ce kada a riƙa zuwa ɗibar ma'aikatansu, don su suka fi rashi. Ban da haka, can lasin ɗin aiki da harshe suke fara tambaya, ba masta ba. Ya yi shiru, ya ce in dai bashinsa zai fita kafin auren ƴarsa, in zauna inda na so.

Abin da ban faɗa masa ba: duk ƙofofin da na lissafa suna kan kwalta. Babu ko ɗaya a Kwaya. Mutum ya yi karatu saboda abin da ya gani a ƙauye, ladan karatun kuma shi ne a ɗauke shi daga ƙauyen.

Litinin, 22

Na rubuta matakan haɗa artesunat ɗaya bayan ɗaya a takarda guda, daga auna yaro zuwa rubuta lokacin allura. Da la'asar, da layi ya ragu, na tara ɗaliban da kwalaben da aka gama da su. Na yi suna kallo ban ce uffan ba, na sake yi ina bayani, sannan suka faɗa ina yi, daga ƙarshe kowa ya yi yana faɗa. Na ƙara wani mataki da ba ya cikin littafinmu: su yi wa uwa bayani da Hausa. Matar wani maƙwabcinmu ta zauna a matsayin uwar. Saurayin ya fara zubo Faransanci, ta ce, "Ɗana, ni dai ka gaya mini, zai tashi ko ba zai tashi ba?" Ya tsaya baki buɗe. Bana aka ayyana Hausa harshen ƙasa, amma har yanzu da Faransanci ake koya wa mai jinya yadda zai lallashi matar da ba ta taɓa shiga aji ba.

Laraba, 24

Malamina ya amince da batun memwar, wato binciken kammala mastan: yadda ake kula da ƴan istaj a likitocin karkara na gundumar Magarya lokacin masassara. Ya so in raba takardar tambayoyi ta WhatsApp. Na roƙi ya bar ni in je in ga ɗaliban suna aiki, ko da likitoci kaɗan zan iya zagawa a kan babur. Ya ce in rubuto masa hujja kafin Lahadi.

Alhamis, 25

An kawo yaro mai kilo 11 da daddare. Ɗalibar ta haɗa maganin ina tsaye, ta ja mililita 3.3, ta nuna mini sirinjin kafin ta yi. Jijiyar ce ta ba ta wuya, sai da na kama mata hannun yaron.

Majon wata likita ta wajen Dungas ya ga hoton takardar matakan a wayar Majonmu, ya aiko a tura masa. Ya ce in ƙara layi a kan duba sukarin jinin yaro kafin a ɗora shi a mota, don yara na suma a hanya. Na ƙara, ya zama mataki na biyu.