Kebul Tsakanin Kwamfutoci Biyu

Kafin filasha ta yi araha, fitar da aiki daga wata kwamfuta zuwa wata wahala ce, ko da kuwa a kan tebur ɗaya suke. Faifan fulofi megabait 1.44 kawai yake ɗauka, ga shi ba ya shiri da ƙurar hunturu. Ka sa aiki da safe, da yamma ya ce bai san zancen ba.

A gidanmu abin ya taso ne da Yaya ya sayo laftof ta hannu mai Windows XP, alhali duk takardun da yake buga wa ɗalibai suna cikin tsohuwar ta tebur mai Windows 98. Ita tsohuwar ba ta ƙona CD, ba ta kuma gane filasha sai an nemo mata direba. Wani mai gyara ne ya ce mu bar wahalar da kanmu, mu haɗa su kai tsaye da kebul ɗin netwok, amma wanda aka juya wa kai ɗaya.

A wajensa na ga cikin kebul ɗin. Siraran wayoyi takwas ne, an murɗe su bibbiyu, amma a gudun megabit 100 huɗu ne kawai ke aiki: ta 1 da ta 2 suna aikawa, ta 3 da ta 6 suna karɓa. In ka sa kebul na yau da kullum, kwamfutocin za su zama kamar mutum biyu da kowa ke ta magana, babu mai saurare. Shi ya sa a kai ɗaya ake musanya korayen da masu ruwan lemo, aiken wannan ya faɗa wurin karɓar waccan. Mai gyaran ya jera su da farce, ya zura cikin kan roba, ya matse da filayarsa.

Wannan ne mai sauƙin. Rigimar tana wajen sa su yarda su ga juna. Tunda babu na'ura a tsakani da za ta raba musu adireshi, da hannu muka rubuta: ɗaya 192.168.0.1, ɗayar 192.168.0.2. Sai sunan rukuni ya zo iri ɗaya, sai an ba tsohuwar izinin raba fayil, sannan a lallaɓa katangar tsaro ta XP, wadda tun daga gyaran Service Pack 2 na 2004 take zuwa a kunne. Ni ne ɗan aike tsakanin allo biyu. "Yaya, har yanzu ba ta fito ba." "Sake buga ping, ƙanena." Da amsa ta dawo daga ɗaya ɓangaren, har Inna sai da ta leƙo jin ihunmu.

Su Yaya sun ce mu 'yan gata ne. A zamanin Windows 95 ta kafar siriyal suke haɗawa, wadda iyakarta bit 115,200 a daƙiƙa, wato megabait 100 sai ya ci sama da awa biyu. Mu fargabarmu ɗaya ce, kada a ɗauke wuta ana tsakiyar kwafa, don ta tebur ba ta da batir.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ganin cewa netwok daban, intanet daban. A lokacin na ɗauka duk wata magana tsakanin kwamfutoci sai an biya kuɗin awa a kafe. Yaran yanzu da ke tura fim ta Xender dabarar nan suke yi ba tare da sun lura ba: wayar hannu ɗaya ta buɗe hanya, ɗayar ta shiga, ba a taɓa data ba. Kebul mai juyayyen kai kuwa ya daina ciniki, domin katin netwok na yanzu da kansa yake gane wayar aike da ta karɓa ya daidaita. Duk kebul ɗin da ka samu zai yi, kuma galibi a gudun gigabit, ninki goma na wanda muka yi wa ihu.